Zakaran da Aka Kife da Kwando

An hikaito cewa a wani zamani an yi wani manomi Kirista wanda ya himmatu ƙwarai ga tarbiyyar 'yarsa. Kullum bayan karatun Littafi Mai Tsarki sai ya ce mata, "'Yata, in kina addu'a, kada ki ɓoye wa Ubangiji kome."

Ana nan sai ranar godiyar kaka ta zo, ranar da kowane gida ke kai mafi kyawun abin da ya mallaka majami'a. Manomin yana da zakaru biyu, ɗaya ƙosasshe, ɗaya ramamme mai ɗingishi. Ya daɗe yana duban ƙosasshen, amma zuciyarsa ta ƙi. Sai ya kife shi da kwando a bayan rumbu, ya miƙa wa yarinyar ramammen.

A majami'a, fasto ya nemi ɗaya daga cikin yara ya yi addu'a a kan baikon. Yarinyar ta miƙe, mahaifinta kuwa ya gyara zama yana alfahari.

Ta ce, "Ya Ubangiji, ga zakaranmu, ka yi haƙuri da ƙafarsa. Mai ƙibar yana bayan rumbu, Baba ya kife shi da kwando. Ka kiyaye shi daga zafin rana. Amin."

Da ƙyar jama'a suka amsa, saboda dariya.

Manomin ya raɗa mata, "Ke, me ya kai ki?"

Ta ce, "Baba, ai ban ɓoye masa kome ba."

Manomin ya sunkuyar da kai. Can sai ya tashi ya ce wa fasto, "Malam, ku ja waƙar nan da tsawo, gidana da ɗan nisa."