Mai Suyar Kifi da Jakar Baƙi

A wani gari na bakin teku, inda baƙi ke zuwa shan iska, an yi wata mata mai suyar kifi. Ran nan da hantsi ƙasa ta girgiza, ruwan teku ya janye, baƙi suka ruga tsintar kifi.

Matar ta san wannan alama. Ta ce, "Bayin Allah, ku hau tudu, ruwa zai dawo!" Suka yi dariya.

Ta sake cewa, "Ku hau tudu!"

Suka ce, "Inna, ƙyale mu."

Sai ta fizge jakar jagoransu, ta sheƙa kan tudu. Duk suka bi ta suna ihu, "Ɓarauniya!" Isarsu sama ke da wuya, ruwa ya dawo ya haɗiye rumfunan bakin teku.

Ta miƙa jakar tana haki, ta ce, "Ku duba 'ya'yanku." Aka duba, kowa na nan.