Zoben Da Ya Ƙi Rufuwa

A motar Mai'adua suka haɗu. Kowa ya toshe hanci yana ja da baya daga Ikilima, har direba ya tambayi wanda ya ɗauko ruɓaɓɓen ƙwai. Suhaibu mai fataucin shanu kaɗai ya yi murmushi.

"Farar wuta ce, ko? Mu ma ita muke shafa wa shanu in sun yi ƙazuwa."

Ta ɗago ta dube shi. Shekara biyu ke nan tana ɗakin gwaje-gwaje a Daura, tana ƙulla sinadarai a kwalba su zama zobe mai farar wuta a ciki, ko Allah zai sa a dace da maganin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, irin waɗanda suka cinye ƙafar babanta. Warin ya kama hijabanta, sabulu ya gaza. Samari uku ya kora mata.

Kafin damina Suhaibu ya sa mata zoben azurfa, ba ya kiranta sai "Farar wutata". Amma mahaifiyarsa, Inna Kande, ta rantse wannan warin ba zai shigo mata gida ba.

Ran da gwaji na sha huɗu ya lalace, zoben sinadarin ya ƙi rufuwa, Ikilima ta tura masa saƙo tana hawaye: "Zoben nan na haƙura da shi, Suhaibu. Na gaji. Na zubar."

Sati uku ko gaisuwa babu, sai labarin wai Inna na nema masa Barakatu, 'yar ƙanwarta. Ikilima ta daina duba waya. Ai dama ta san warin zai kore shi.

Wata Laraba sai ga shi bakin ƙofar ɗakin gwajin, ya rame.

"Abu ɗaya na zo tambaya. A ina kika zubar min da zobe?"

Ta zare safar hannu. Azurfar na nan, farar wuta ta baƙanta ta.

"Na cikin kwalba nake nufi, Suhaibu! Haba!"

Ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska.

An ɗaura aure bayan girbi. Inna Kande ba ta zo ba, turaren wuta ta aiko, ba saƙo. Gwaji na sha biyar ma bai kashe ko ƙwaya ɗaya ba.

Da za a tafi da amarya, babanta ya dogara sanda ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Ki koma kan kwalabenki, Ikilima. Tawa ta tafi, amma akwai ƙafar wani."