Igiya Arba'in a Mashigin Tembwadi

Da hantsi tsohuwa Shewanta ta shigo caji ofis, taɓo har gwiwa. An kwashe mata igiya arba'in na kawa, dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu da ake ci, daga rumfar gorar da ta kafa a cikin mashigin ruwa. Aikin wata goma sha huɗu ne, saura biyu ta girbe.

Ta ce ta san ɓarauniyar: Bhagirathi, baƙuwar da ke fasa kawa a duwatsun bakin teku. Matan gari ma sun riga sun yi mata duka, sun ba ta kwana uku ta bar garin.

Sufeto Parab ya shiga kwalekwale ya duba rumfar. Ba a yanka igiya ko ɗaya ba, kwancewa aka yi. Shewanta ta ce ƙullin nan mijinta marigayi ne ya koya mata, wanda bai san shi ba sai ya sa wuƙa. Sufeto ya rubuta.

Ya sami Bhagirathi tana ɗaure kayanta, leɓenta a kumbure. Kawar da ke kwandonta ƙanana ce, gefe ɗaya a shafe inda ta manne da dutse. Ya ɓare ɗaya ya kurɓa. Gishiri zalla.

"Saheb, ranka ya daɗe, ko iyo ban iya ba," in ji ta.

A bakin gaɓa akwai rumfar abinci ta Digambar, ɗan Shewanta. Baƙi sun cika ta. Ya ce kawarsa ta dutse ce, shi ya faso da hannunsa.

"Nuna hannun."

Babu ko ƙwarzane.

A bayan rumfar ɓawo ya yi tsibi, dogaye masu zurfi. Wasu na manne da tsohon ɓawo mai huda a tsakiya, inda ake zura igiya. Sufeto ya ɗauki ɗanya guda daga bokiti, ya sa wani kurtu ya taho da Digambar caji ofis ya tsaya da shi a waje.

Ya miƙa wa Shewanta. Ta juya ɓawon, ta sansana, ta kurɓa.

"Tawa ce. Gishiri kaɗan, ga ɗan zaƙi, ga ƙanshin ganyen bakin mashigi. Ta layin gabas ce ma, inda rafi ke shigowa."

"Kin tabbata, Kaku?" in ji Sufeto, yana kiranta yadda ake kiran dattijuwa a garin.

"Ni na raine ta. Ku rufe matar nan ta ruɓe."

Sufeto ya yi wa kurtu alama ya shigo da Digambar.

Digambar bai daɗe yana musu ba. Ya ce baƙi ba sa son ta dutse, ya roƙi uwarsa ta ba shi tata tun watan jiya ta hana shi. Da aka tambaye shi inda yake lokacin da ake dukan Bhagirathi, ya ce yana suya.

Ya juya ga uwarsa. "Aai, uwata, ai kayan gidanmu ne."

Shewanta ta ce ta janye ƙara. Sufeto ya ce ta sata za ta iya janyewa, ta duka ba tata ba ce. Ita ma za ta ba da sunayen matan.

Duk da haka aka sa wa Digambar ankwa, sai an gama bincike. Ba ta dube shi ba, ɓawon hannunta take kallo.

"Ko kitse ba ta yi ba," ta ce.

Bhagirathi ta sa hannu a takardar ƙarar duka, ta ɗauki ƙunshinta. Motar ƙarfe huɗu ta hau.