Ranar Da Jethro Ya Ƙi Miƙewa

"Jethro, me ya sa ka yi min haka? Kowa ya miƙe, kai kaɗai kana zaune!"

A bayan cocinmu na Kakuri muke tsaye, an tashi sujada. Saura wata biyu bikinmu. Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, kamfe ya cika gari. Ranar fasto ya fito da wani ɗan takarar ciyaman, wanda ya sake mana rufin coci, ya ce an nuna masa a wahayi shi ne zaɓin Ubangiji. Duk mai bangaskiya ya tashi tsaye.

"Edith, masoyiyata... ban ƙi Allah ba. Ƙuri'ata ce ban yarda a karɓe a coci ba."

"Baba fa ya gan ka!"

Babana Daniel dattijon ikilisiya ne. Ina isa gida ya ce, "Ba zan ba da 'yata ga mai raina maganar Ubangiji ba."

Sati uku ban sa Jethro a ido ba. Abinci ma turawa kawai nake yi. Ina son Baba, ina son Jethro, kuma can ƙasan zuciyata ni ma ban yarda da wahayin ba... kunya ce ta miƙar da ni.

Wata Asabar da hantsi sai ga Jethro. Ya durƙusa gaban Baba a tsakar gida, ni ina laɓe a bakin kicin.

Baba ya ambaci yayana Monday, wanda wasu masu kaki suka daka a shingen hanya, bai ƙara tashi ba.

"Shekara shida ina roƙon Allah ya kawo ƙarshen mulkin bindiga. Yau an ce ga wanda ya aiko, kai kuma ka ƙi?"

"Baba, Monday abokina ne, da ni aka ɗauki akwatinsa," in ji Jethro a hankali. "Waɗanda ba a isa a tambaye su ba, su suka kashe shi. Tsorona kada mu ɗora wa kanmu wani irinsu, da sunan Allah."

Baba ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunsa na rawa.

Can ya share fuska. "Ni dai shi zan zaɓa."

"Ƙuri'arka ce, Baba."

"To... ka faɗa wa iyayenka ranar tana nan."

Ban san lokacin da na fito da gudu na faɗa jikin Baba ina kuka ba!

Ranar biki, a ƙofar coci, Baba ya riƙe hannuna gam, ya raɗa min, "Mijin nan naki taurin kai gare shi... sak yayanki."

Idonsa taf da hawaye, amma murmushi yake yi.