Zomayen Yanbu

"Ke kika ɗauki hoton nan, ko ba ke ba ce?"

Yaya Abdulfattah ya ɗora wayarsa a kan tiren shayi da ƙarfi, har kofuna suka yi ƙara. Khalida ba ta kalli wayar ba. Ta san abin da ke ciki: fararen zomaye a jere, an maƙale wuyansu a cikin akwatuna, idanunsu sun kumbura sun yi jawur.

"Ni ce, Yaya..."

"Kika ba Yahya ya sa a shafinsa, duniya ta gani! Yau mudir, shugaban wurin aikinmu, ya kira ni ofis. Kin san me hakan ke nufi?"

"Ya Abdulfattah, a hankali," in ji Ummi daga bakin ƙofar kicin.

"Halas, an gama, Ummi! Ni ne waliyyinta. Maganar aurenta da yaron nan ta mutu."

Ya fita. Tun rasuwar Abbansu shi ya riƙe gidansu na unguwar Aƙiƙ, da aikin da yake yi a wani ɗakin gwaje-gwaje a Yanbu, inda ake gwada sinadarai a jikin dabbobi. Shi ya kai ta makaranta, shi yake goya ta zuwa Harami tana ƙarama. Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

Da kansa ya shigar da ita wurin aikin nasa, ranar da ta kai masa ziyara. Alfahari yake yi, yana nuna mata injina. Sai wani ma'aikaci ya buɗe ƙofar ƙarshe...

Shirun ɗakin ne ya fi damun ta. Ana ɗiga musu abu a ido, jikinsu na karkarwa, amma ko ƙara babu. Tun daga ranar suke bin ta. In ta ɗauki kwalli za ta sa, sai hannunta ya ƙi. In ta yi sujada ta rufe ido, sai ta gan su a jere suna kallon ta.

Yahya kaɗai ta iya faɗa wa. Likitan dabbobi ne, ya daɗe yana zagaya makarantu yana roƙon a daina irin wannan gwaji, a koma wasu hanyoyin.

"Habibti, zan cire hoton yanzu," ya ce da ta kira shi tana kuka. "Wallahi ba zan iya rasa ki ba."

"In ka cire, za su daina zuwa mini?"



"Bar shi, Yahya. Amma kar ka sake kira na... Ba zan aure ka da fushin Yaya ba."

"Khalida! Ki saurare ni..."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a cinyar Ummi.

Azumi ya zo ya wuce, Yaya bai leƙo ba, sai dai ya aiko da dabino. Khalida ta rame har zobenta yana zamewa.

Wata Juma'a bayan la'asar, tana shanya a tsakar gida, sai ta ji sallamarsa. Ya zauna a kan matakala da farar doguwar rigarsa ta tobe, bai ko kakkaɓe ƙurar ba.

"Sundus ce ta yi ciwon ido," ya ce. Sundus 'yarsa ce, ba ta daɗe da fara tafiya ba. "Mamanta ta ce in riƙe mata kanta za ta ɗiga magani. Na riƙe... yadda na saba riƙewa a wurin aiki. Yatsuna da kansu suka san inda za su danna. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni."



"Na sake ta na fita da gudu, Khalida. Har yau na kasa ɗaukar 'yata."

Ta durƙusa gabansa. "Yaya, ka yafe mini..."

"Ban yarda da duk abin da Yahya yake faɗa ba. Magani sai an gwada shi. Amma na nemi a canza mini sashe, in sun ƙi in bari." Ya share fuska da gefen gutrar da ya yafa a kansa. "Ki ce ya turo manyansa."

Ta kama hannunsa ta fashe da kuka. Ummi na tsaye a ƙofa, tana ta "Alhamdulillah" a hankali.

"Akwai kuma wani abu," ya ce. "Zomayen da aka gama da su, gobe za a kashe. Na roƙa an bar mini su, suna cikin mota. Yawancinsu ba sa gani. Tambayi Yahya ko yana da wurin ajiye makafi."

Khalida ta miƙe, ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta yafa abaya ta nufi motar.