Amarya Mai Ƙarnin Kifi

A motar haya suka haɗu. Ta shigo da farar rigar aikinta a naɗe a hammata, sai fasinjoji suka hau matsawa, wata har da toshe hanci da mayafi. Shi kaɗai ya gyara mata wuri yana murmushi. Kada a yaba masa da yawa, mura yake yi.

Sai da murar ta sake shi ya ji abin da jama'a ke gudu, amma lokacin zuciya ta riga ta tafi.

"Ki gafarce ni, kifi kike sayarwa?"

Ta yi dariya. "A ɗakin bincike nake aiki. Akwai wani magani a ɓawon wata bishiya, sai an sare kurmi guda kafin a cika cokali. Mu kuma a kwalba muke haɗa shi, daki-daki. Sinadaran ne ke da ƙarni."

Malamin tarihi ne, ko rabi bai gane ba, amma ya gyaɗa kai kamar da shi aka fara aikin. Daga ranar ta zama 'Yar Kifi, shi kuma Mai Mura.

Ranar da ya kai ta ta gaida mahaifiyarsa, ta yi wanka ta sha turare, amma hancin Mama ba na wasa ba ne. Baƙuwa na fita Mama ta sa aka shanya dardumar da ta zauna a kai.

"Yarinya da kunya, ga kyau," in ji Mama. "Amma ba a gidana ba. Ga 'yar ƙawata nan, in ta wuce har unguwa sai ta yi ƙamshi."

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Mai Mura, in sai na bar aikina za a karɓe ni, faɗa min yanzu. Ba zan bari ba, kuma ba zan raba ka da Mama ba."

Ya mayar: "'Yar Kifi, riƙe kwalabenki. Ni dai kin gama haɗa ni."

Da Mama ta ga ɗan nata ya kafe, sai ta ɗauki jaka ta nufi wurin aikin da kanta, don ta ja wa yarinyar kunne. A bakin ƙofa aka ɗaura mata farar riga da tabarau da safar hannu, tana ta mita.

Ta tarar da ita a sunkuye, kwalba cikin ƙanƙara, wani abu rawaya mai danƙo a gindin kwalbar.

"Sannu da zuwa, Mama. Ki yi haƙuri, in na ɗaga hannu yanzu aikin watanni ya lalace. Maganin ya ƙi daskarewa."

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗan da ta zo da shi, sai idonta ya faɗa kan sandar gilashin da yarinyar ke kankarar cikin kwalbar da ita don maganin ya daskare. Ita kuwa Mama ba ta iya ganin ana aiki sanyi-sanyi.

"Haka ake kankara? Kamar mai sosa wa jariri baya? Kawo nan."

Ta kankara, ta kankara. Can sai ga wasu fararen abubuwa kamar ƙananan allurai suna tsirowa a jikin gilashin, suna yaɗuwa. Yarinyar ta dafe ƙirji, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau.

"Ya daskare, Mama. Shi ne."

Mama ba ta koma gida ba sai da aka tace shi aka auna. Tana shiga falo maigidanta ya ɗaga hanci.

"Ke kuma daga ina? Kasuwar kifi?"

"Daga aiki," ta ce. "Ka shirya 'yan'uwanka su je neman aure, kafin wasu su riga mu."

Ranar biki duk wadda ta zauna kusa da Mama sai ta ji labarin maganin da suka haɗa ita da surukarta, da yadda yarinyar ta ɗan taimaka. Da za a tafi da amarya, Mama ta kamo hannunta ta ɗora a na ɗanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba da zaman lafiya. Ke kuma in wani ya sake ƙin daskarewa, kin san lambata."