Mil Arba'in a Titin Marlowe

Kwana goma sha tara ke nan da aka mayar da shimfiɗar Odessa ɗakin ƙasa, gefen injin wanki, kuma a duk kwanakin nan babu wanda ya kira sunanta a gidan. In za a ba ta abinci, sai a ajiye a saman matakala a buga ƙofa sau ɗaya. Marainiya ce 'yar shekara goma sha biyar. Tun rasuwar mahaifiyarta take hannun kawunta Roscoe da matarsa Anti Verna, ba ta da abokin hira a duniya sai 'yarsu Junie mai shekara shida, wadda take rakawa makaranta kowace safiya. Yau ga Junie kwance a asibiti da karaya a ƙugu da ɗinki a ka, kuma kaf unguwar an san daga hannun wa ta kuɓuce...

Titin Marlowe ya ratsa tsakiyar gidajensu ne, layi huɗu, allon gefensa ya yarje wa mota gudun mil arba'in a awa. A safiyar da abin ya faru, jaka ta zame wa Odessa daga kafaɗa, ta saki hannun Junie don ta gyara. Daƙiƙa biyu tak! Junie ta hango ƙawarta a tsallake, ta ruga. Mai motar da ke tafe ya taka birki, amma ina! 'Yan sanda suka zo suka yi aune-aunensu, suka ce mutumin bai wuce ƙa'ida ba, ba shi da laifi. To tunda ba shi da laifi, sai aka shiga neman mai shi.

"Littafi take karantawa," in ji Kawu Roscoe a gaban maƙwabta. "Na san halinta. Kan tebur littafi, bayi littafi. Uwarta ma haka take, hankali kullum yana wata duniya."

"Kawu, littafin yana cikin jaka..."

"Kin saki hannunta ko kuwa?"

"Na sake shi, Kawu."

"To me kuma ya rage?"

Ita ma haka take tambayar kanta. Ba ta musa ba ko sau ɗaya bayan nan. Ta roƙi Anti Verna ta bar ta ta ga Junie ko ta tagar ƙofa ce, Anti Verna ta ce ba tare da ta dube ta ba, "Kada ƙafarki ta taka asibitin nan." Ran Lahadi a coci, matan da suka saba yi mata kirari saboda iya karatunta suka ja jakunkunansu suka matsa can ƙarshen benci. Sannan Kawu ya buga wa ofishin kula da marayu waya, aka ce ran Juma'a za a zo a ɗauke ta a kai ta gidan da ba ta sani ba. Ta durƙusa kan siminti mai sanyi, hawaye na ɗiga a hannunta, ta ce, "Ya Ubangiji, ban ce ba ni da laifi ba. Ni dai ka tashi kafaɗun Junie. Ni ko ina aka kai ni na yarda... amma ka bari in gan ta sau ɗaya."

Ran Laraba da yamma tana zaune a wurin jiran bas, tana kallon daidai inda abin ya faru, sai ga motar burodi ta tsaya. Mista Clement ne, dattijon cikin direbobi biyar da ke kai wa shaguna burodin Kawu. Ya zauna gefenta yana murza hularsa kamar zai yage ta.

"Kin rame, 'yata."

"Kai ma, Mista Clement."

"Ni da dalilina." Ya dubi titin. "Bara iyaye mata suka tara sa hannu a rage gudun titin nan zuwa ashirin da biyar. Kin san yadda hukuma ke yi? Wasu igiyoyin roba suke shimfiɗawa a kan kwalta har mako guda, duk motar da ta taka sai a rubuta gudunta. In suka ga yawancin motoci da ma gudu suke yi, sai su ce ai haka titin yake so, su bar allon yadda yake. Kawunki shi ne shugaban kwamitin unguwa, shi aka aiko wa ranakun. Ya ce in aka rage, burodinsa zai riƙa makara. Ya tara mu, har da abokansa na gareji, ya ce kowa ya yi ta kai-komo a guje a kan igiyoyin nan, mota ba kaya. Ni kaɗai na taka su ya fi sau tamanin. Shi ya sa aka bar allon a arba'in. Har gasa muka yi, Odessa. Har dariya..."

Odessa ta ce a hankali, "Amma ai ni na saki hannunta."

"Jikokina bakwai. Babu wanda bai taɓa kuɓuce mini ba. Yara haka suke. Shi ya sa ake so mota ta iya tsayawa."

Washegari majalisar gari ta zauna kan maganar titin, don hatsarin ya sake taso da ita. Kowa minti uku ake ba shi, in lokaci ya cika jar fitila ta kama. Kawu Roscoe ya fara, cikin kwat ɗinsa ta Lahadi, har da share ido. Ya ce shi uba ne da aka yi wa rauni, amma gaskiya gaskiya ce: an auna titin bara an same shi lafiya, matsalar ta masu sakaci ce. Mutane suka waiwayo suna kallon Odessa a kujerar baya. Ta sunkuyar da kai, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai Mista Clement ya miƙe. Ya zaro takarda daga aljihu, jerin sunayen direbobi da lokacin da kowa zai bi ta kan igiyoyi, da rubutun hannun Roscoe. Ya karanta tun daga sama, ya fara da nasa sunan. Jar fitila ta kama, shugabar zaman ta ɗora tafin hannunta a kai ta ce ya ci gaba.

Anti Verna ta tashi tsaye ba tare da an ba ta izini ba.

"Roscoe, ni na zaga gida-gida da takardar sa hannun nan. Cikin ruwan sama. Kai ka riƙe mini lema."

"Verna, zauna mana, harkar kasuwa ce, ba za ki gane..."

"Ka san wannan, ka bar ni mako uku ina ajiye wa 'yar ƙanwarka abinci a matakala?"

A wannan zaman aka kaɗa ƙuri'a, babu hannu ɗaya da ya ƙi: mil ashirin da biyar. Kafin ƙarshen mako an tuɓe Roscoe daga kwamiti, direbobinsa uku sun ajiye makullai, shagunan unguwa sun daina karɓar burodinsa, shi kuma ya koma kwana a gareji don Anti Verna ta canja kwaɗon ƙofa. Matar ofishin marayu da ta zo ran Juma'a, daga bakin ƙofa ta juya.

A farfajiyar asibiti Anti Verna ta kama hannayen Odessa biyu, ta fashe da kuka. Da ƙyar ta ce, "Sai da na sami wanda zan tsana sannan na iya numfashi... Na zaɓe ki don ba ki da mai tsaya miki. Ki yafe mini, 'yata."

"Ni ma ki yafe mini, Anti."

"Ke ba ki da abin yafewa. Shiga, tana jira."

Junie na kwance, an ɗaure mata ƙugu, ta yi 'yar ƙarama cikin farin gado. Ta harari Odessa.

"Kullum in na tambaye ki sai a ce kina makaranta. Har Lahadi?"

Anti Verna ta rufe fuska da hannu.

"Zo nan," in ji Junie, ta juyo mata gefen kanta. "Sun aske mini rabi. Kowa cewa yake na yi kyau, kuma sun ɓoye madubi. Ke faɗa mini. Na yi muni?"

Odessa ta duba da kyau, hawaye na zuba mata har haɓa.

"Kin yi muni sosai."

Junie ta ƙyalƙyale da dariya tana riƙe ciki tana cewa wayyo ƙuguna, har sai da nas ta leƙo ta ce a yi a hankali.